Chepstow, Gidan Barden Da Ya Taɓa Sayar Da Alkyabbarsa

Kogin Wye ne ya raba Wales da Ingila a garin Chepstow. Akwai tsohuwar gadar ƙarfe a kansa, ta shekarar 1816, kuma duk wanda ya kai tsakiyarta ya taka iyakar ƙasashen biyu. Daga kan gadar nan aka fi ganin abin da ke kawo baƙi garin: wata doguwar fada ta dutse, a miƙe bisa gaɓar kogin mai tsayin gaske, kamar kada yana shan hantsi. Ruwan da ke ƙarƙashinta mai laka ne, launin kunun kanwa, kuma saboda teku na kusa yakan cika ya janye sau biyu a rana. Da na isa ya janye, ƙananan jiragen ruwa duk sun kwanta a taɓo.

An fara ginin fadar a 1067, shekara guda bayan mutanen Normandi ta arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi. Mutumin da sunansa ya fi fitowa a allunan bayanin wurin kuwa sai bayan shekara 120 da 'yan kai ya zo. Sunansa William Marshal, kuma da wuya a sami barden Turai na wancan zamani da aka san rayuwarsa dalla-dalla kamarsa. Barde nake cewa da abin da littattafanku na Turanci ke kira knight, wato mayaƙi a kan doki, sanye da sulke, wanda aka ɗaura wa takobi a wani biki na musamman. Bayan rasuwarsa a 1219 babban ɗansa ya sa wani mawaƙi ya tsara tarihinsa cikin waƙar Faransanci mai layi sama da 19,000. Waƙar yabo ce, iyalinsa suka biya, don haka da wayo ake karanta ta. Duk da haka ta nuna yadda ake rainon yaro har ya zama barde fiye da yawancin littattafai. Shi kansa sunan Marshal asalinsa muƙami ne na mai kula da dawakan sarki, kusan abin da muke kira Shamaki, kuma gidansu ne ke gadonsa.

Ƙofar shiga tana tsakanin wasu hasumiyoyi biyu masu kewaye, William ne ya gina ta. Ƙyauren da za ka tarar a bakinta sababbi ne. Na asalin an cire su a 1962 an ajiye su a cikin fadar inda ruwan sama ba zai taɓa su ba. Na daɗe a gabansu. Katako ne mai kauri, a da an lulluɓe fuskarsa da ƙarfe, an kuma giggilla wasu katakai a bayansa don ƙarin ƙarfi. Masana sun ƙirga zoben shekaru da ke jikin itacen suka gano tun wajen 1190 aka yi su, shi ya sa ake cewa babu ƙyauren fada a Turai da suka girme su. Wanda ya ba da umarnin a sassaƙa su kuwa, yana ƙaramin yaro saura kaɗan a rataye shi a gaban wata ganuwar.

Ga yadda abin ya faru. A 1152 ana yaƙin basasa a Ingila, Sarki Stephen ya kewaye sansanin mahaifin William, John Marshal, a Newbury. John ya nemi a tsagaita wuta, ya ba da ɗansa mai shekara biyar ko shida jingina. Da ya sami sararin, sai ya cika sansanin da mayaƙa da abinci, ya karya alkawari. Aka aika masa cewa za a kashe yaron. Ya mayar da amsa cewa shi har yanzu yana da ƙarfin haifar 'ya'yan da suka fi wannan. Waƙar ta ce an kai yaron wurin rataya, an kuma yi shirin ɗora shi a majaujawar jifan duwatsu, shi ko duk wasa ya ɗauki abin. Sarki ya ji tausayinsa ya hana a taɓa shi, har aka gan su a cikin tanti suna wasan yaƙi da karan ciyawa.

William ɗa na huɗu ne, kuma a al'adarsu babban ɗa ke kwashe gadon ƙasa. Wanda ba shi da gado sai dai ya shiga aikin coci ko ya nemi abinci da takobi. Yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka aka tsallakar da shi teku zuwa Tancarville, a bakin kogin Seine a Normandi, gidan wani babban basarake ɗan'uwan mahaifiyarsa. Littattafan makaranta sukan tsara abin tsaf: a shekara 7 yaro ya zama ɗan aike, a 14 ya zama mai riƙon garkuwa, a 21 a naɗa shi barde. A zamanin William abin bai kai haka tsari ba. Abin da ya tabbata shi ne yaro yakan bar gidan ubansa ya tafi riƙo gidan wani babban mutum, kuma gidan nan shi ne makarantarsa. Babu aji, babu allo, babu jarrabawar ƙarshen zango.

Da ka wuce ƙofar Chepstow sai ka faɗa wani fili mai ciyawa, ganuwa ta kewaye shi. A fili irin wannan ne yaran ke wuni. Darasi na farko doki. Yaro zai koyi zama daram a sirdi, ya sarrafa ingarma da gwiwa da ƙaimi, domin hannun hagu na riƙe da garkuwa da linzami, na dama na riƙe da mashi. Mashin dogo ne, ana matse gindinsa a hammata, sai a saki doki a guje, nauyin doki da na mahayi su taru a tsininsa. Don koyon wannan sukan kafa gungume su rataya masa garkuwa, yaro ya sukwano ya soka, ya koma ya sake, yau da gobe har shekaru. Sai sara da takobi, da kokawa, da farauta da karnuka da shaho, wadda ke koya wa mutum sukuwa a daji da sanin ƙasa. Duk wannan kuma dole a saba yin sa cikin nauyin sulke.

A nan bari in gyara wani hoto da fina-finai suka dasa mana. Rigar nan ta faifan ƙarfe mai ƙyalli daga kai har ƙafa sai bayan William da wajen shekara 200 ta yaɗu. Abin da ya sa shi ne sulke na ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa, irin wanda kuke gani jikin mahaya a hawan sallar Kano ko Katsina ko Zazzau, da riga mai cushe a ƙarƙashi kamar lifidi, da kwalkwali. Sulke na tsatsa, kuma yaran ne ke goge shi. Su ne ke share barga, su ɗaura sirdi, su sa wa maigida kayan yaƙi, su ja masa dokin yaƙi a hanya don kada ya gaji kafin a isa.

A tsakiyar fadar akwai babban soro, shi ne gini mafi tsufa a wurin. Rufinsa ya tafi, sama kawai kake gani, kuma a jikin bangon akwai layin jajayen tubala da aka kwaso daga kangon Rumawa. Tsayawa a cikinsa ya sa na fahimci rabi na biyu na karatun barde, wanda ake yi a zauren cin abinci. Yaro zai tsaya bayan maigida, ya kawo ruwan wanke hannu, ya yanka nama yadda ya dace, ya zuba abin sha, ya san wa ke gaba da wa, ya san lokacin magana da lokacin yin shiru. A nan yake jin waƙoƙin mazan jiya, ya koyi rawa da waƙa da darar Turawa da yadda ake magana da matan gida. Karatu da rubutu ba su ne a gaba ba, ko da yake wasu barade sun iya. Manyan gidaje suna da malaman coci masu rubuta musu takardu. Wani masani ɗan tsibirin Mayorka, Ramon Llull, ya rubuta littafi kan baradantaka wajen 1275, yana kukan cewa ya kamata a rubuta wannan ilmi a koyar da shi a makaranta kamar shari'a da likitanci. Ke nan har lokacinsa ido da kunne ne kawai malaman.

William bai yi fice a Tancarville ba. Waƙar da aka tsara don yabonsa ma ta yarda cewa da ci da barci aka san shi, har sauran yara suka laƙaba masa sunan da ke nufin mai cinye nama. Na san a kowane ɗakin kwanan ɗalibai akwai irinsa.

A 1166 aka naɗa shi, yana wajen shekara 20. 'Ya'yan manya akan yi musu biki da wanka da sababbin tufafi. Nasa a gurguje aka yi, ana shirin faɗa a garin Neufchâtel: maigidansa ya ɗaura masa takobi, ya ba shi sabuwar alkyabba. Ya yi faɗa da ƙwazo, amma aka kashe dokinsa, shi kuma bai kama kowa ba. Da dare wurin cin abinci wani babban basarake ya roƙe shi kyautar kayan doki. William ya ce ai ba shi da su. Mutumin ya ce yaya za a yi ya rasa, alhali ɗazu ya kayar da mahaya da yawa ya bar su suka tafi da nasu? Aka fashe da dariya. Abin da ake nuna masa shi ne yaƙi sana'a ce, kuma barden da bai iya kama doki da fursuna ba zai kwana da yunwa. Da aka yi sulhu maigidan bai mayar masa da doki ba. Dole ya sayar da alkyabbar naɗinsa ya sayi wani ɗan dokin kaya. Kalmar barde a Faransanci daga kalmar doki ta fito, to ku dubi halin barden da ba shi da na hawa.

Abin da ya cece shi gasar barade ce. Kada ku ɗauka mutum biyu ne a fili da shinge a tsakani, wannan daga baya ya zo. A lokacin ɗaruruwan mahaya ne ke rabuwa gida biyu, su gwabza da makamai na gaske a gonaki da kurmi tsakanin garuruwa biyu, daga safe har yamma. Manufar kamu ce. Wanda ka kama, dokinsa da sulkensa naka ne, kuma sai ya fanshi kansa. Ana mutuwa a ciki, shi ya sa coci ta haramta gasar tun 1130, amma ba wanda ya saurara. A gasarsa ta farko William ya fita da dokin da aka taimaka masa da shi, ya dawo da dawakai huɗu da rabi, rabin domin da wani suka kama na biyar. Daga baya ya haɗa jari da wani barde, suka kama mutum 103 cikin wata goma, wani magatakarda yana rubuta lissafi. Wata rana alƙalan gasa suka neme shi don ba shi kyautar wani ƙaton kifi, suka tarar da shi a maƙera, kansa bisa uwar maƙera, maƙeri na fama ya ciro masa kwalkwalin da duka ya lotsa.

To ina kyawawan halayen da ake ta faɗa? Suna nan, sai dai a ganina buƙata ce ta haife su. Na farko jarunta, wannan ba sai an faɗa ba. Na biyu kyauta. Barde mai rowa ba ya tara mutane, kuma basaraken da ba ya rabon dawakai da riguna zai waiga ranar yaƙi ya ga ba kowa. An ce a wata gasa, ana jiran a fara, William ya rera waƙa mata suna rawa, sai wani maroƙi ya sa sunansa a waƙa yana neman doki. Ya hau, ya kayar da mahayin farko da ya ɓullo, ya jawo dokin ya miƙa masa. Ko yana kan gadon mutuwa, da wani malaminsa ya ba da shawarar a sayar da manyan rigunan da ke ajiye a yi sadaka, faɗa ya yi masa, ya ce na baradensa ne, a raba musu kamar yadda aka saba.

Na uku, wanda ya fi ɗaukaka shi, riƙon amanar ubangida. A 1170 aka ba shi horar da yarima Henry, ɗan Sarki Henry na Biyu. Da yariman ya rasu a 1183 bai cika alwashin zuwa Ƙudus ba, William ya ɗauki alkyabbarsa ya kai can. A 1189 wani ɗan sarkin, Richard, ya yi wa ubansa tawaye, ya biyo tsohon a guje daga garin Le Mans, ko sulke bai tsaya sawa ba. William ya juyo ya tare shi da mashi. Yana iya kashe shi, amma sai ya soke dokin. Bayan 'yan makonni tsohon ya mutu, Richard ya zama sarki, kowa na jiran ya ga ramuwa. Richard ya san darajar mutumin da bai gudu ya bar ubangidansa ba lokacin da wasu ke ta sauya sheƙa. Ya tabbatar masa da auren da tsohon sarki ya yi masa alkawari, da Isabel de Clare, magajiyar ƙasashe masu faɗi a Wales da Ayalan. Chepstow na cikin gadonta. Ita ba ta kai 20 ba, shi ya haura 40.

Bangon da William ya ƙara a tsakiyar fadar yana da 'yan tsagogi na harbin kibiya. Na leƙa ta ɗaya, sai na tuna fadar nan an kafa ta ne don a danne mutanen Wales da aka ƙwace wa ƙasa. Wannan ladabi da sassauci da ake koya wa barade, tsakaninsu ya fi aiki. Barde ba ya son kashe barde, domin rayayye ya fi kawo kuɗi, kuma gobe shi ma ana iya kama shi. Sojan ƙasa da manomi ba su da wannan gata. Ƙone gonaki da ƙauyukan abokin gaba dabarar yaƙi ce ta yau da kullum. Yariman da William ya horar, wanda ake yabo da kyauta, ya wawashe dukiyar wuraren ibada, har da na Rocamadour, don ya biya sojojin haya. Baraden da suka ci Ƙudus a 1099 sun yi wa Musulmi da Yahudawan birnin kisan gilla. Richard ɗin nan kuma, a yaƙinsa da Salahuddin, ya sa an kashe fursunoni Musulmi sama da 2,000 a Akka a 1191.

Shi ma William akwai labarin da mawaƙinsa ya kawo da alfahari. Ya gamu da wani malamin coci da ya gudo da wata 'yar babban gida. Ya tambaye su da me za su rayu, malamin ya nuna jakar kuɗi ya ce zai riƙa ba da bashi da ruwa. William ya ƙwace kuɗin wai don hana cin riba, ya bar su suka wuce, ya je ya raba da abokansa. Mawaƙin na ganin aikin kirki ne. Ni dai a wurina fashi ne, an sa masa rawani.

Amanar tasa ta sha gwaji a hannun Sarki John, ƙanen Richard, mutum mai yawan zargi. John ya karɓi 'ya'yansa maza biyu jingina, shi da ya san ɗacin jingina tun yana yaro, amma bai yi tawaye ba. Yana gefen sarki a 1215 lokacin da manyan ƙasa suka tilasta masa amincewa da takardar nan ta Magna Carta mai rage ikon sarki. Da John ya mutu a 1216 ya bar ɗa mai shekara 9, ga sojojin Faransa sun mamaye Landan. William ya naɗa yaron barde a Gloucester, wadda jirgin ƙasa daga Chepstow ke zuwa kai tsaye, aka kuma ba shi riƙon ƙasa. A watan Mayun 1217, yana wajen shekara 70, ya jagoranci yaƙin Lincoln ya ci nasara. Don ɗoki har ya zabura ba kwalkwali, sai da wani yaronsa ya tuna masa.

A ƙarshen fadar, can sama, akwai hasumiya mai kusurwa huɗu da har yau ake kira da sunansa. Ana jin ɗakin sama nasa ne da Isabel, madafa kuma na ƙasa. Hawan akwai tudu, iskar kogi kuma tana da sanyi, mai niyyar zuwa ya riƙe rigar sanyi ko da bazara ce. A lokacin da yake zaune nan, shi ne maigidan da ake kawo wa yara riƙo. Ɗaya daga cikinsu, John na Earley, ya shigo yana mai riƙon garkuwa, ya zauna tare da shi sama da shekara 30, kuma daga bakinsa mawaƙin ya ji yawancin labaran nan. Yana wurin lokacin da aka tuna wa tsohon cewa malaman coci sun ce sai ya mayar da abin da ya ƙwata kafin ya sami rahama. William ya ce malaman sun cika tsanani, barade 500 ya kama da dawakansu da makamansu, ba shi da hanyar mayarwa.

Ya rasu ranar 14 ga Mayu, 1219, aka binne shi a cocin Temple da ke Landan, inda siffarsa ta dutse ke kwance cikin sulke. Isabel ta bi shi bayan shekara guda, kabarinta na Tintern, 'yan kilomitoci sama da Chepstow a bakin wannan kogi. Sun haifi maza biyar da mata biyar. Mazan sun gaji juna ɗaya bayan ɗaya, kuma zuwa 1245 duk sun mutu ba wanda ya bar magaji. Aka raba ƙasar tsakanin gidajen 'ya'ya matan, Chepstow ta faɗa hannun babbar 'yarsu Maud, daga ita ta koma gidan mijinta, zuriyar Bigod. Su ne suka gina ɗakunan da ke kusa da ƙofar shiga, har da wani rumbun ƙasa mai ƙofa a saitin kogi, inda ake jawo gangunan abin sha da igiya daga jiragen ruwa.